Angar Kyaftin Gidaɗo

A duk faɗin Ƙofar Sauri, kai har ka dangana da Batagarawa, ban san mutumin da Allah ya hore wa baki ya hana shi hannu irin Gidaɗo ba. Wai Kyaftin! Shi ya raɗa wa kansa sunan, ba rago ba goro, ranar da ya dawo daga Legas da farar hular hana-salla, da jaka ɗaya, da labarai buhu-buhu. Waɗanda suka san shi a can sun ce gadi yake yi a shagon wani mai sayar da igiyoyi kusa da tashar jiragen ruwa, kuma iyakar saninsa da teku shi ne ƙarninta in iska ta juyo. Amma zauna a teburin shayin Ɗanladi ka sha labari. Ya tuƙa jirgin da ya fi unguwar nan tsawo. Ya ƙetare teku da iyo, da wuƙa a baki. Wani kifi ya taɓa haɗiye masa takalmi, ya bi shi har ƙarƙashin ruwa ya karɓo abinsa. Mutane na saurarensa ne kawai don shayi ya fi shiga da abin dariya.

To, duk wannan cika-bakin, akwai suna ɗaya da in an ambata muryar Gidaɗo ke yin ƙasa, wato Lailatu. Bazawara ce, mijinta ya rasu, tana sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a gidansu da ke hayin kududdufin bayan unguwa. Gidaɗo na sonta tun suna yara, so na gaskiya, wanda ko shi bai taɓa iya yi masa ƙari ba. Ga shekaru sun ja, furfura ta fara leƙowa ta ƙasan hular, yana kwana a ɗakin zauren yayarsa Hajo, yana cin tuwon da take miƙo masa haɗe da gori. In ya rasa Lailatu, ya san a zauren nan zai tsufa. Ita kuwa ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Cewa ta yi ya je ya ga Yaya.

Yayan shi ne Alhaji Muhyiddeen, tsohon ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya, mutum mai tsabtar da ta wuce misali, wanda ke kaɗe kujera da hankici kafin ya zauna ko da a gidansa ne. Gidaɗo ya same shi a ƙofar gida, ya durƙusa.

"Alhaji, barka da hutawa. Ina gajiya? Ya iyali? Ya muka ji da ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara. Lafiya lau, Malam Gidaɗo. Ya Hajo? Ya ƙoƙari? Madalla. Na ji saƙonka. Mece ce sana'arka?"

"Kyaftin ne ni, ranka ya daɗe."

"A nan Katsina?"

"Ko'ina ma. Kyaftin ba ya tashi daga Kyaftin."

Alhaji ya dube shi daga hula har silifa. "To ƙanwata ba labari take ci ba. Ranar da na ga sana'ar taka da idona, ka turo magabatanka. Kafin nan, a gaida gida."

A hanyar komawa ne dabarar ta faɗo masa. Damina ta yi nisa, kududdufin ya cika ya haɗiye 'yar hanyar da ake ratsawa, kowa sai ya yi dogon zagaye ta bakin titi. Gidaɗo ya tsaya yana kallon koren ruwan nan mai kainuwa da ledoji, idonsa na ƙyalli. Kafin ya iso teburin Ɗanladi har ya gama naɗa kansa shugaban tashar jiragen ruwan Katsina.

"Jama'a, an daina zagaye," in ji shi. "Zan sa jirgi a kududdufi."

Babaji mai walda, abokinsa tun suna tsalle a kan ganuwa, ya ajiye kofi. "Wane kududdufin? Wanda ake zubar da shara?"

"A Legas tasha ake ce ma irinshi."

"A nan kau kwaɗi na ce mashi gida."

Aka yi dariya, Gidaɗo ya ce a yi ta yi, ran buɗewa kowa zai zo yana roƙon kujerar gaba. Ya janyo wani tsohon tankin ruwa na langa-langa da ke yashe a bayan gidan Hajo, ya sa Babaji ya tsaga shi a tsaye, aka liƙe ɓulolin da kwalta, aka gitta katakai biyu na zama. Ya ɗauki Mati a matsayin ma'aikacin jirgi. Mati ɗan dako ne a kasuwar hatsi, ƙato mai ɗaukar buhun gero kamar matashin kai, kuma Allah ya yi shi da hali ɗaya: abin da aka ce masa shi yake yi, ba ragi, ba ƙari, ba tambaya. Aka tura tankin cikin ruwa. Abin mamaki, ya tsaya a sama, bai nutse ba.

"To shi ke nan," in ji Babaji. "Samo gora ku riƙa turawa. Allah ya sa albarka."

"Shi ke nan? Jirgin da ba anga ai baho ne."

"Mece ce kuma anga?"

"Ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa ya riƙe jirgi, kada igiyar ruwa ta tahi da shi."

"Wannan ruwan? In ka ajiye takalmi a kanshi yau, baɗi nan za ka iske shi."

"Kai dai walda ka sani. Yi abin da zan zana maka."

Ya zana a ƙasa da yatsa. Babaji ya haɗa rodi da kan tsohuwar garma, ya fitar da wani mugun ƙarfe mai haƙora biyu da suka lanƙwasa gefe guda, masu tsini, ga nauyi. Da ya gama ya ja da baya ya ƙare mata kallo.

"Yo wannan ai ƙugiyar ciro guga ce, ta dai ci ta ƙoshi."

"Anga!" in ji Gidaɗo.

Ai kuwa sunan ya bi ta. Kafin a kwana unguwa duk ta ɗauka, ƙugiyar Kyaftin. Matan aure suka fara aikowa wai a ara musu, gugarsu ta faɗa rijiya. Duk wanda ya ce ƙugiya, Gidaɗo sai ya daka masa tsawa, "Anga!" har jijiyoyin wuyansa su tashi. Da mutane suka gane haka, sai ya zama ko gaisuwa za a yi da shi sai an tambayi lafiyar ƙugiya.

Shi kuwa ya tara jama'a a gindin bishiyar bedin da ke inuwantar da teburin shayi, ya buɗe makaranta. "Ku saurara, jahilan tudu. Jefa anga ko mahaukaci ya iya. Cirota shi ne aikin Kyaftin. Tana da fuska, tana da ƙeya. Fuskar ita ce wajen haƙoran nan. In tana tahowa sama, dole ta ba jirgi ƙeya, haƙora su kalli waje. In ta juyo ta fuskanci jirgi, cizonshi za ta yi."

Wannan kam, tsakani da Allah, gaskiya ce, ita ce ma gaskiya ɗaya tak da ya tsinto a bakin masu sayen igiya. Sai dai ji ya yi ana faɗa, bai taɓa ganin an yi ba. Ya ce bari ya nuna musu. Aka wurga igiya ta kan reshen bedi, aka ce teburin Ɗanladi shi ne jirgi, aka kwantar da anga kusa da shi ta ba shi ƙeya. Mati ya kama igiya ya fara ja. Tana barin ƙasa, sabuwar igiyar ta fara warware murɗinta, anga ta shiga juyowa sannu a hankali kamar wadda aka kira sunanta. Haƙoran suka shige ƙarƙashin teburin.

"Tsaya!" in ji Ɗanladi.

Mati bai tsaya ba, don ba Ɗanladi ne ya ce ya ja ba. Tebur ya ɗaga ƙafa biyu. Burodi, gwangwanayen madara, kiret ɗin ƙwai, duk suka gangaro kan cinyoyin masu shan shayi.

"Inna lillahi! Ƙwaina! Gidaɗo, Allah ya isa!"

"Kwantar da hankalinka, gwaji ne. Laifin igiya ne, ba nawa ba. A manyan jirage akwai wani ƙarfe mai juyawa tsakanin igiya da anga. Shi ne babu."

Washegari, Hajo ta tafi gidan suna, ya hau kujera ya kwance fankar ɗakinta ya cire boris ɗin da ke sa ta juyawa. Babaji ya liƙa shi a wuyan anga yana dariya har walda na karkacewa. Aka koma gindin bedi, wannan karon Ɗanladi ya janye teburinsa can nesa ya tsaya a gabansa da ludayi. Mati ya ja. Da can anga juyi ɗaya take yi ta tsaya. Yanzu da ta samu boris sai ta tuna asalinsa, ta kama wulwulawa ba ji ba gani. Manya da rawani suka kwanta rub da ciki. Wani mai keke da ke wucewa bai san hawa ba bai san sauka ba, haƙori ɗaya ya zare masa hula ya yi sama da ita.

"Lamba nawa ka sa ta, Kyaftin?" in ji Babaji daga bayan bango. "Rage mana, sanyi ya yi yawa!"

Da mai hankali ne, da ya tsaya nan. Gidaɗo kuwa kwana ya yi yana tunani, ya tashi da dabara biyu. Ya shafe ƙeyar anga da jan fenti, don in tana tahowa a gane wane gefe ta juyo. Sannan ya ɗaura mata igiya ta biyu a gindi, siririya, ya ce akala ce, da ita zai riƙa juya ta yadda ake juya raƙumi. Saura gwaji a cikin ruwa na gaske, kuma ruwan da ya fi kusa shi ne rijiyar Hajo.

Suka zura ta har ƙasa. Gidaɗo ya ce wa Mati, "Riƙe igiya, kada ka motsa sai na ce ja." Ya kwanta a bakin rijiya, ya zura kai ciki, akala a hannu, yana leƙen duhu. Ya murɗa hagu, ya murɗa dama, bai ga fenti ba. Ya yi tsaki ya ce da kansa, "Wai ina ja ɗin ya shiga?"

Mati ya ji ja. Ya ja.

Anga ta taso kamar an harbo ta, da tsofaffin guga biyu da wata ruɓaɓɓiyar tabarma rataye a haƙoranta. Allah ya taimaki Gidaɗo ya janye kai. Ta daki itacen da aka gitta a bakin rijiya ta karya shi, ta ɓantare gefen siminti, komai ya rufta ciki, ruwan da gidan ke sha ya koma kunun laka. Hajo ta fito daga madafa da muciya a hannu.

"Gidaɗo! Jiya fankata, yau rijiyata? Gobe halan rufin ɗakin za ka kwance?"

"Yaya Hajo, ki yi haƙuri, harkar teku ce, ba za ki gane ba."

"Tekun uwaka! Ni da na yi maka wanka a kwarya kana tsala ihu, yau ni za ka gaya ma ruwa? Fitar mani da ƙugiyar nan daga gida!"

"Anga," in ji shi, amma a hankali, don muciyar na sama.

A waje ya zaunar da Mati ya yi masa faɗa. "Kai wane irin mutum ne? Jan fenti nake nufi, ba jan igiya ba."

"Kyaftin, ja ka ce."

"To daga yau an soke kalmar. Saurara da kyau. In muna kan ruwa, za ka riƙa ɗagowa a hankali, kaɗan-kaɗan, ni ina leƙe. In fentin ya bayyana ta gefen jirgi, zan ce maka an ga. Kana jin an ga, ka fizgo ta da duk ƙarfin da Allah ya ba ka, kafin ta sake juyawa. Ka gane?"

"In na ji an ga, in fizgo."

"Madalla. Ka ga yadda ake gyara matsala."

Ya yi ta yaba wa kansa wannan hikima har ranar buɗewa, wata Juma'a bayan la'asar. Jama'a suka cika bakin kududdufi ta kowane gefe, wasu a kan katanga, wasu a kan tarin shara, kowa da waya a hannu. Ba wanda ya zo roƙon kujerar gaba. Fasinja ɗaya ne, Alhaji Muhyiddeen, wanda maganarsa ta kama shi, tunda shi ya ce sai ya gani da idonsa. Ya zo cikin farar shadda mai sitaci, ya kaɗe katakon da hankici, ya zauna a ɗofane yana karanta addu'ar hawa abin hawa. A can hayi, a ƙofar gidansu, Lailatu na tsaye cikin mata da shuɗin mayafi. Gidaɗo ya hango ta, ya gyara hula.

Mati ya kafa gora ya tura. Jirgi ya tafi sumul, yana raba kainuwa. Masu jiran abin dariya suka fara jin kunya. Aka wuce tsakiya lafiya lau, ko ɗigon ruwa bai shigo ba. Alhaji ya saki gefen katakon da ya ƙanƙame, ya dubi hagu ya dubi dama, fuskarsa ta sake.

"Ashe dai abin na yi ne," in ji shi. "Tsofaffi za su huta da zagaye. Malam Gidaɗo, wannan sana'a ce."

Kun ji fa. Da bakinsa ya faɗa. Gaɓa na nan gaba kaɗan, har ana iya ganin murmushin Lailatu. Abin da ya rage wa Gidaɗo a duniya shi ne ya rufe bakinsa, Mati ya ƙara tura gora, a sauka, a sa ranar aure. Amma wawa, ina! Ya dubi taron nan, ya dubi angarsa kwance a gaban jirgi ba wanda ya ga aikinta, ya ji ba zai iya ba.

"Mati, dakata! A saki anga!"

"Don me?" in ji Alhaji. "Ba ga gaɓa can ba?"

"Ƙa'idar teku ce, ranka ya daɗe. Ba a shiga tasha kai tsaye."

Mati ya ɗaga ta ya sake. Tsulum! Koren ruwa ya yi tsalle ya yi wa farar shadda zane daga kafaɗa har gwiwa. Alhaji ya dubi rigarsa, ya ciro hankici. Gidaɗo kuwa ya miƙe tsaye ya yi wa jama'a jawabi a kan yadda jirgin ya tsaya cak, ko motsi ba ya yi.

"Da can ma gudu yake?" wani ya ƙwala daga kan katanga.

"Yanzu ku buɗe ido ku ga aikin Kyaftin. Mati, a hankali."

Ya kwanta rub da ciki a gaban jirgin, ya leƙa, akala a hannu. Sai a lokacin ya gane abin da ko akuya ta sani: ruwan kududdufi ba a ganin komai a cikinsa. Kore ne shar, mai kauri kamar miyar kuka. Jan fenti ko na jini ne ba zai nuna ba. Ga boris na ta aikinsa a ƙasa, akala ta nannaɗe jikin babbar igiya, jirgin kuma ya zagayo ya hau daidai kan angar. Mati na ɗagowa kaɗan-kaɗan, Gidaɗo na fizgar akala yana gumi, bai san ko fuska ta juyo ko ƙeya ba.

"Kyaftin!" Muryar Babaji ce daga gaɓa. "Ƙugiyar ta maƙale ne? In kawo maka guga ka gwada mata, ko ta saba?"

Jama'a suka kwashe da dariya. Gidaɗo ya cije leɓe, ya haɗiye.

"Malam Gidaɗo," in ji Alhaji, yana goge riga, "rana na yin sanyi. A ciro ƙugiyar nan mu tahi."

Ya sake haɗiyewa, da ƙyar, don surukin gobe ne. Daga hayi ya ji wata mata na tambayar Lailatu da ƙarfi ko ƙugiyar na cikin kayan lefe. Alhaji ya sunkuyo, da zuciya ɗaya, don shi bai ma san ana tsokana da kalmar ba.

"Wai ni kam, me ma kake ce mata ne, ita ƙugiyar?"

Gidaɗo ya ɗago kai, jijiyoyin wuya a tsaye, ya buɗe maƙogwaro yadda har Batagarawa za a ji.

"Anga!"

Mati ya ji an ga. Bawan Allah ya kafa ƙafa, ya yi bisimilla, ya fizgo da ƙarfin da yake ɗaga buhu biyu a haɗe.

Ƙarar ta yi kama da an fasa duro da gatari. Haƙora biyu suka ɓullo ta cikin langa-langar, daidai tsakanin ƙafafun Alhaji, suka tsaya suna kallon sama. Fuska ta juyo, ba ƙeya ba. Ruwa ya fara tsartuwa ta gefensu.

"Wa ya ce ka ja?" Gidaɗo ya yi kururuwa.

"Kyaftin, an ga ka ce."

"Sunanta na faɗa, dabba! Sake ta! Sake ta!"

Mati ya sake. Ai gara da bai sake ba, don haƙoran ne suka toshe ɓulolin. Nauyin anga ya zare su ƙasa, ya yage langa-langar, ruwa ya taso ta rami biyu kamar an buɗe famfo. Alhaji ya ɗage ƙafafu yana salati. Mati ya tsaya yana jiran umarni. Umarnin da ya fito daga bakin Kyaftin, mai ƙetare teku da wuƙa a baki, kowa a bakin kududdufin nan ya ji shi, wayoyi kuma sun ɗauka.

"Wayyo Allah! Jama'a ku taimaka! Ban iya ruwa ba! Wallahi ban iya ruwa ba!"

Jirgi ya yi ƙasa a hankali, ya zauna. Kafin ya gama zama Gidaɗo ya daka tsalle ya ɗafe bayan Alhaji Muhyiddeen, hannuwa a wuya, ƙafafu a naɗe a ƙugu, ido a rufe gam, yana kalmar shahada. Mati ya taka ƙasa, ruwan ya tsaya masa a cibiya. Alhaji ya miƙe, ya tsaya masa a ƙirji.

"Kyaftin, akwai ƙasa," in ji Mati.

"Ƙarya ne! Kada ka sake ni, Alhaji, don girman Allah!"

"Sauka, Malam Gidaɗo. Kana shaƙe ni."

"Ba ni sauka! Ina da sauran kwana!"

Alhaji ya yi girgiza, ya yi lallashi, ya yi tsawa, Gidaɗo ya ƙara ƙanƙamewa. Da dattijon ya ga ba sarki sai Allah, sai ya fuskanci gaɓar da ta fi kusa ya fara takawa. Laka ta cinye takalmansa tun a takun farko. Kainuwa ta hau masa kafaɗa, wata baƙar leda ta manne a gemunsa. Haka mutumin da ke kaɗe kujera da hankici ya ratso kududdufin shara da ƙaton namiji mai furfura goye a bayansa. Sannan dariya ta ɓarke tun daga wancan gefe ta zagayo, har wani ya faɗo daga kan katanga. Babaji ya zauna a ƙasa yana riƙe da ciki yana roƙon a ba shi ruwa.

Sai da Gidaɗo ya ji ruwa ya bar ƙafafunsa sannan ya buɗe ido ɗaya. Abin da ya fara gani shuɗin mayafi ne. Suna ƙofar gidan, matan sun dare, Lailatu na tsaye a gabansu. Duk taron nan ita kaɗai ce ba ta dariya, kuma wannan ya fi dariyar duka yi masa ciwo. Ya ji kunyar da bai taɓa ji ba tunda aka haife shi. Duk da haka bakin nan bai mutu ba.

"Lailatu," in ji shi daga kan bayan yayanta, "ai a teku haka ake ceton fasinja, sai an riƙe shi ta baya..."

"Yi mani shiru," in ji Alhaji, yana haki. Ya dubi ƙanwarsa, ruwa na ɗiga daga gemunsa. "Lailatu, ga mai neman naki. Na ce sai na ga sana'arshi da idona. Na gani, har na ɗauko ta a bayana. Amma ke za ki zamna da shi, ba ni ba. Me kika ce?"

Lailatu ta dubi Gidaɗo, ta daɗe tana dubansa, har ya fara sa rai. Sannan ta gyara mayafinta.

"Yaya, sauke shi nan bakin hanya. Ni na gama goyo, autana ma ya shiga makaranta."

Ta ɓamɓare yatsun Gidaɗo daga wuyan yayanta da hannunta, ɗaya bayan ɗaya, har ya zame ya zauna daɓas a cikin taɓo. Ta ce a ɗora wa Yaya ruwan zafi, ta kama hannunsa suka shige, aka turo ƙyaure.